Tambaya: girka 7-Zip da apt a Ubuntu ya gagare ni, kuma wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki

Malamin Adar ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina koyar da lissafi a wata makaranta mai zaman kanta a nan Tawa, kuma tun da yaron da ke kula da ɗakin kwamfutocinmu ya tafi karatu Yamai, mabuɗin ɗakin ya dawo hannuna, ba don na fi sauran malamai sanin na'ura ba, sai don ajina ne ke jikin ƙofar. Kwamfutocin guda goma sha ɗaya ne, dukansu na hannu, kuma kafin ya tafi ya ɗora musu Ubuntu 22.04 da Faransanci. Ɗaya kawai nake iya haɗawa da intanet a lokaci guda, ita ma ta wayata, da forfen intanet da nake saya da kuɗin aljihuna.

Mako biyu da suka wuce wani abokin aiki ya turo mini tarin tsofaffin takardun jarrabawar BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare, tare da gyaransu, don ɗaliban ajin ƙarshe su riƙa gwada kansu. Sai dai bai turo su a sake ba, ya ɗaure su ne dami dami. Uku daga cikin fayilolin sunansu ɗaya, ƙarshensu ne ya bambanta, wato annales.7z.001 da annales.7z.002 da annales.7z.003, na huɗun kuma corriges.rar, sa'an nan ya kira ni ya faɗa mini kalmar sirri da baki. Na danna su ta kowace hanya da linzami, ba su buɗe ba.

Wani tsohon ɗalibina ya ce mini manhajar da ake kira 7-Zip ce maganin abin, kuma a Ubuntu ta tarminal, wato tagar da ake rubuta wa na'ura umarni, ake girka ta. Na buɗe tarminal na rubuta `sudo apt install 7-zip`, na'urar ta amsa da « Impossible de trouver le paquet 7-zip », wato ba ta sami ƙunshi mai wannan suna ba. Na cire ɗan layin da ke tsakiya na rubuta `7zip` a haɗe, sai ta karɓa, rubutu ya yi ta gudu, har ta tsaya ba tare da wani ƙorafi ba. Na duba cikin jerin manhajoji daga sama har ƙasa ban ga ko alamarta ba. Na koma tarminal na rubuta `7z` kamar yadda aka gaya mini, ta ce ba ta san wannan umarni ba, amma in ina so in girka wani abu mai suna p7zip-full. A nan raina ya fara ɓaci, domin abin da na girka ɗazu da wanda take nuna mini yanzu sunansu ya kusa zama ɗaya, kuma ban san wanda yake na gaskiya ba.

Na sake kiran ɗalibin, ya ce wataƙila na'urar ce ta tsufa, in rubuta `sudo apt upgrade` tukuna. Na rubuta, ta tambaye ni ko in ci gaba, na danna O, wato oui, ba tare da na karanta adadin da ta nuna ba, wannan kuwa laifina ne. Ta cinye mini kusan duk megan da na saya, kuma tana cikin jera abin da ta sauko da shi wuta ta ɗauke. Da wutar ta dawo bayan la'asar na'urar ta tashi lafiya, amma yanzu duk abin da na rubuta da apt amsa ɗaya take ba ni, cewa « dpkg a été interrompu », wato an katse wa dpkg aiki.

Abin da nake son sani shi ne ko na lalata na'urar ne har sai an sake ɗora mata Ubuntu daga farko, da kuma wanne ne ya kamata in girka tsakanin 7zip da p7zip-full. Idan an samu hanya kuma, ina son jin yadda zan sa manhajar a sauran goman ba tare da na sayi forfe sau goma ba. Allah ya saka da alheri.

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ku kwantar da hankalinku, na'urar ba ta lalace ba, kuma wannan saƙo na dpkg babu mai gyaran kwamfuta a ƙasar nan da bai gan shi ba, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa. Yadda abin yake shi ne, apt aikinsa zuwa rumbun manhajoji ya ɗauko ƙunshin da aka nema tare da duk abin da ƙunshin ke bukata, sa'an nan ya miƙa wa dpkg, wanda shi ne ke kwance ƙunshin ya sa kowane fayil a mazauninsa ya kuma daidaita shi. Wutar ta ɗauke ne bayan an kwance wasu amma ba a gama daidaita su ba, shi ya sa dpkg ya ƙi karɓar sabon aiki sai an bar shi ya ƙarasa tsohon. Idan kun karanta saƙon har ƙarshensa za ku ga maganin a rubuce a ciki. Ku rubuta `sudo dpkg --configure -a`, ku bar shi har ya dawo muku da layin rubutu, ko da ya ɗauki lokaci. Wannan ba ya cin mega ko ɗaya, domin da abin da ke cikin na'urar yake aiki. Bayan haka ku bi shi da `sudo apt --fix-broken install`, wanda zai cike giɓin da ya rage idan akwai, kuma shi zai nuna muku adadin da zai sauko da shi kafin ya tambaya. Ku zaɓi lokacin da kuka fi tsammanin wuta za ta zauna.

Ɗalibinku ya haɗa umarni biyu ne masu kama da juna. `sudo apt update` jerin sunaye kawai yake sabuntawa, wato na'urar ta san abin da ke cikin rumbu yau da kuma inda za ta same shi, kuma shi ake yi kafin a girka sabon abu. `sudo apt upgrade` kuwa yana sauko da sabon zubi na duk manhajar da ke kan na'urar, kuma a kan na'urar da ta daɗe ba a taɓa ta ba yana iya kai ɗaruruwan mega. Yana da amfaninsa, amma ba shi kuke bukata ranar nan ba. Ƙunshin da kuke nema bai wuce mega ɗaya ko biyu ba.

Game da sunayen, ga asalin rikicin. Wani ɗan Rasha mai suna Igor Pavlov ne ya rubuta 7-Zip, ya fitar da ita a 1999, kuma shekara da shekaru Windows kawai take yi wa aiki. Masu amfani da Linux sai suka dogara da wani reshe da aka juya musu, shi ne p7zip, harafin p ɗin kuma yana nuni ne da tsarin POSIX da Linux da ƴan'uwansa ke bi. Ƙunshin p7zip-full shi ke kawo umarnin `7z` da ɗalibinku ya sani, kuma shi ne akasarin bayanan da ke intanet suke magana a kai. Ni shi nake sa wa mutane a Ubuntu 22.04, saboda Gestionnaire d'archives, manhajar buɗe dami da ke zuwa da tsarin, tana gane shi, ta yadda bayan an girka shi ɗalibi zai iya buɗe dami da linzami ba tare da ya shiga tarminal ba. Don haka ku rubuta `sudo apt update`, sa'an nan `sudo apt install p7zip-full`. Kada ku nemi wata alama a jerin manhajoji, domin babu ita, 7-Zip na Linux ba shi da taga irin wadda aka saba gani a Windows.

Fayilolin nan uku kuma dami ɗaya ne aka yanka uku don ya yi sauƙin turowa. Ku tara su a dosiye ɗaya, ku shiga dosiyen da `cd`, ku rubuta `7z x annales.7z.001`. Na farkon kaɗai ake kira, shi zai nemo na biyu da na uku da kansa muddin ba a canja musu suna ba. Zai tambayi kalmar sirri, kuma yayin da kuke rubuta ta wataƙila ba za ku ga komai yana fitowa a allo ba, kamar yadda sudo yake yi idan ya nemi kalmar sirrinku, wannan ba matsala ba ce.

Na RAR ɗin hukuncinsa daban. Eugene Roshal ne ya ƙirƙiro tsarin RAR, kuma lasisin lambar da ke kwance shi ya hana a yi amfani da ita wajen gina manhajar da za ta ɗaure RAR. Saboda wannan sharaɗi Debian da Ubuntu suke cire sashen RAR daga ƙunshin 7-Zip nasu, su ajiye shi a wani ɓangaren rumbu dabam, wanda a Ubuntu ake kira multiverse. A can ne manhajar unrar mai kwance RAR take, ku rubuta `sudo apt install unrar`, sa'an nan `unrar x corriges.rar`. Idan ta ce ba ta sami ƙunshin ba, ɓangaren ne a rufe, sai ku buɗe shi da `sudo add-apt-repository multiverse` ku sake gwadawa.

Ƴar Harobanda ta rubuta:

Baba Malam, barka da ƙoƙari. Duk abin da Yaya Ɗan Bukoki ya faɗa kan dpkg da unrar haka yake, amma a wuri ɗaya na saɓa masa, kuma ina ganin zai rage muku wahala. Manhajar da kuke nema tana cikin na'urarku tun ranar da kuka rubuta `7zip` ta karɓa. Abin da ya ɓoye muku ita shi ne sunan umarninta, wanda a Ubuntu 22.04 yake da z biyu, wato `7zz`. Idan kuka rubuta `7zz x annales.7z.001` za ta kwance damin ba tare da kun sauko da komai ba. Duk ranar da kuka girka ƙunshi kuka rasa sunan da ake kiransa da shi, ku rubuta `dpkg -L` ku bi shi da sunan ƙunshin, misali `dpkg -L 7zip`, zai jero duk fayilolin da ya zuba a na'urar, kuma wanda kuka gani ƙarƙashin /usr/bin shi ne umarnin.

Dalilin da ya sa na fi son wannan shi ne, p7zip ya tsaya a zubi na 16.02 tun 2016, wanda ke kula da shi bai ƙara fitar da sabo ba. A 2021 ne Igor Pavlov da kansa ya fara fitar da 7-Zip na Linux, kuma daga wannan aka haɗa ƙunshin 7zip da kuka girka, zubi na 21.07. Manhajar kwance dami aikinta ke nan karɓar fayil daga hannun baƙo ta buɗe cikinsa, don haka shekara biyar na gyaran kurakurai ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Ubuntu ma can ta nufa, domin a zubi na 24.04 sunan p7zip-full ya zama alama kawai da ke jawo ƙunshin 7zip, kuma a can umarnin ya koma `7z` mai z ɗaya. Na faɗi wannan ne don kada ku ruɗe ranar da aka sabunta muku tsarin. Ban ce kada a girka p7zip-full ba, hujjar Yaya ta buɗe dami da linzami hujja ce mai ƙarfi a ɗakin da yara ke aiki, kuma su biyun suna zama a na'ura ɗaya ba tare da rigima ba. Amma ku da kuke da tarminal a gabanku, sabon ya fi.

Abin da nake roƙo kada ku yi shi ne, idan abu ya ƙi, ku shiga neman "7-Zip" a intanet ku sauko da duk abin da ya fara fitowa. Akwai shafukan bogi masu kwaikwayon sunan manhajojin da aka fi nema, su ba mutum fayil da aka cusa wa ɓarna, shafin gaskiya na wannan manhaja kuwa 7-zip.org ne. Fa'idar apt ita ce jerin da ke zuwa daga rumbu yana ɗauke da sa hannun Ubuntu na sirri, na'urarku tana tantance sa hannun, sa'an nan ta auna kowane ƙunshi da abin da jerin ya ce kafin ta yarda ta girka shi. Ko ƙunshin ya lalace a hanya saboda yankewar intanet, za ta ƙi shi. Rumbu ma ba a ce ba ya samun ɓera ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya gano ƙofar baya da aka dasa da gangan cikin xz, wata manhajar matse fayil, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Sai dai an kama abin tun akasarinsa yana rassan gwaji, bai kai ga irin Ubuntu 22.04 da ke gabanku ba, kuma waɗanda ya shafa ta hanyar sabuntawar rumbun nan aka janye musu shi. Wanda ya ɗauko fayil daga wani shafi da hannunsa ba shi da mai janye masa.

Kafin ku kwance damin, ku fara da `7zz t annales.7z.001`. Harafin t gwaji yake yi, ya karanta damin gaba ɗaya ya faɗa muku ko lafiyarsa ƙalau, ba tare da ya zuba komai a dosiye ba. Fayilolin da aka sauko da su ta waya sukan zo a guntule.

Malamin Adar ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Ɗan Bukoki, na gode ƴata. Na bi maganarku daki daki da safiyar yau. Umarnin `dpkg --configure -a` ya ɗauki kusan minti ashirin, ina zaune ina kallon fankar sama ina addu'a kada ta tsaya, kuma da ya gama apt ya koma karɓar umarni. Na girka unrar, takardun gyaran sun fito.

Damin 7z ɗin ya ba ni wahala sau uku. Da farko ya ƙi kalmar sirrin har sau huɗu, na kusa kiran abokin aikina in ce ya ba ni ta ƙarya, sai na tuna akwai lambobi a cikinta, kuma allon rubutunmu AZERTY ne, wanda layin samansa ba ya ba da lamba sai an danne Maj, wato Shift. Tun da ba na ganin abin da nake rubutawa, ashe é da è nake ta zubawa a maimakon 2 da 7. Bayan wannan gwajin `t` ya nuna akwai kuskure a damin. Na rubuta `ls -l` don in ga girman fayilolin, na lura na biyu bai kai rabin na farko ba, alhali a hankalce idan an yanka abu gunduwa gunduwa na ƙarshe ne kaɗai ya kamata ya gaza. Na sake sauko da na biyun kawai, gwajin ya wuce. Ƴata, ba don shawararki ba da na sake sauko da duka ukun.

Na ukun kuwa gangancina ne. Na ga a wani wuri an rubuta `e` a maimakon `x`, na ce bari in gwada. Sai ya zazzage dukan takardun wuri ɗaya ba tare da dosiyoyin shekara shekara da abokina ya tsara ba, kuma da yake kowace shekara tana da fayil mai suna maths.pdf, ya tsaya yana tambayata ko ya danne na baya da sabo. Na dakatar da shi, na share abin da ya zuba, na koma kan `x`, komai ya fito a dosiyensa.

Yanzu saura sauran na'urorin. Na haɗa ta biyu da wayata na rubuta `sudo apt update`, sai ta ce wani fayil na rumbu mai suna Release bai fara aiki ba tukuna, ta kuma lissafa wasu kwanaki masu ɗimbin yawa da ta ce sai sun wuce. Na duba kusurwar allo na ga kwanan watan na'urar ya koma shekaru baya. Ban taɓa ta ba tun daga nan.

Mai Shago a Katako ya rubuta:

Malam, wannan na ƙarshen cutar tsofaffin kwamfutoci ce, kullum muna ganinta a shago. A jikin babban allon da ke cikin akwatin akwai ƙaramin batir mai faɗin tsabar kuɗi, lambarsa CR2032, shi ke riƙe agogo lokacin da na'ura take kashe. Idan ya mutu, duk sanda aka cire wuta agogon sai ya koma ranar da masana'anta suka sa masa. Shi kuma apt yana duba ranar da aka sa hannu a jerin rumbu, idan ya ga ranar tana gaba da agogon na'urar sai ya ƙi yarda da jerin, wannan kuwa cikin tsaron da ƴar'uwarmu ta yi bayani ne. Yawanci idan na'urar ta ɗan jima a haɗe da intanet takan gyara agogonta da kanta. Idan ba ta yi ba, ku sa mata da hannu kamar haka, `sudo date -s "2025-11-20 09:30"`, ku musanya da ranar da kuke ciki, shekara a gaba, sai wata, sai rana. Maganin dindindin dai a canja batirin, ana samunsa wurin masu gyaran agogo da masu sayar da kayan waya, kuma cire shi ba ya bukatar komai sai a kashe na'ura, a zare wayar wuta, a danna ɗan ƙarfen da ya riƙe shi.

Amma ga aikin da ke gabanku ba ku bukatar haɗa ko ɗaya daga cikin goman da intanet. A na'urar farko ku buɗe sabon dosiye, ku shiga cikinsa, ku rubuta `apt download 7zip p7zip p7zip-full unrar`. Wannan ba ya bukatar sudo kuma ba ya girka komai, fayiloli huɗu masu ƙarewa da .deb kawai zai ajiye muku a dosiyen. Na sa p7zip a jerin ne saboda p7zip-full ba ya tsayuwa sai da shi, kuma `apt download` abin da aka ambata masa kaɗai yake kawowa, ba ya bin sawun abin da ƙunshi ya dogara da shi. Kada ku je neman su a /var/cache/apt/archives kamar yadda tsofaffin bayanai ke cewa, domin umarnin `apt` yana share ƙunshin bayan ya gama girka shi, `apt-get` ne ke barin su a can.

Ku kwafe dosiyen a kile USB, ku kai kowace na'ura, ku shiga dosiyen ta tarminal, ku rubuta `sudo apt install ./*.deb`. Ɗigo da karkataccen layin nan da ke gaba su ne ke gaya wa apt cewa fayilolin suna nan a dosiyen, kada ya tafi rumbu nema, idan kuka manta da su zai koma ce muku bai sami ƙunshin ba. Sauran abin da manhajojin nan ke bukata ƙananan sassa ne na asali da kowace Ubuntu ke zuwa da su, shi ya sa dabarar take aiki a nan, ba kowace manhaja ce ake yi wa haka cikin sauƙi ba. Sharaɗin kawai na'urorin su zama zubi ɗaya da ƙira ɗaya. `lsb_release -a` zai nuna muku zubin, `dpkg --print-architecture` kuma ya nuna ƙirar, wadda a irin naku amd64 za ta ce. Ku duba kowace, domin na sha ganin ɗaki guda da aka ce duka iri ɗaya ne, a tarar da biyu an ɗora musu wani zubin dabam. Ku kuma sani cewa na'urar da ba ta hawa intanet ba ta samun gyaran tsaro, don haka idan kun sabunta ta farkon nan gaba, ku sake sauko da ƙunshin ku zagaya da kilen.

Ni da zan ba da shawarar da ba a tambaye ni ba, da na ce tun da takardun sun riga sun fito a na'urar farko, ku kwafe su a sake ku raba wa sauran, yara su fara aiki gobe, girka manhajar kuma ku yi shi a hankali ranar da babu darasi. Kuma idan za ku mayar wa wani da irin wannan tari, kada ku sa rai matsewa za ta rage nauyin takardun da aka ɗauka da sikana ko hotunan waya, domin PDF na hoto da JPEG a matse suke tun asali, ɗaure su dami yana hana su warwatsewa ne kawai. Inda yankawa ke da amfani na gaske shi ne kile mai tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, da kuma intanet mai yankewa, kamar yadda kuka gani da gunduwarku ta biyu. `7zz a -v200m tari.7z dosiye` zai yanka muku shi mega ɗari biyu biyu.

Ɗan Bukoki ya rubuta:

Ƙanwata ta Harobanda ta yi gaskiya kan `7zz`, na sha'afa cewa Malam ya riga ya girka shi, hannuna ya saba da tsohon. Abu ɗaya zan ƙara tun da takardun jarrabawa ake magana. Ranar da za ku ɗaure jarrabawar gwaji da ba a yi ba tukuna, Malam, ku rubuta `7zz a -p -mhe=on jarrabawa.7z dosiye`. Ku bar `-p` haka nan ba tare da kun manna masa kalmar sirrin ba, shi zai tambaye ku. Idan kuka rubuta ta a jikin umarnin, tana zama cikin tarihin tarminal, kuma duk yaron da ya zauna bayanku ya danna kibiyar sama zai gan ta ɓaro ɓaro. Shi kuma `-mhe=on` yana ɓoye har sunayen fayilolin, in ba haka ba ana iya ganin jerin abin da ke cikin damin ko ba a san kalmar ba. Tsarin 7z da AES-256 yake kullewa, ya fi tsohon kullen ZIP nesa ba kusa ba, amma idan kalmar ta ɓace muku babu wanda zai iya buɗe muku shi, har mu nan.

Malamin Adar ya rubuta:

Madalla da ku duka. Na bi shawarar mai shago, na raba takardun a sake, ɗalibai sun fara aiki da su tun jiya. Yau Asabar na zagaya da kilen, tara sun karɓi manhajar ba gardama. Ta goman `lsb_release` ya nuna 20.04 ce, ta ƙi ƙunshin 7zip tana ƙorafin wasu abubuwan da ba ta da su, na bar ta sai yaron ya zo hutu. Na ƙirga na'urori huɗu masu mataccen batir, na ba da saƙo a kawo mini daga kasuwa.

Shugaban makarantarmu ya ga abin ya ce shi ma yana so a tasa, amma tasa Windows 11 ce. Ko ita ma tana da irin wannan hanya ta rubuta umarni, ko dole sai an shiga shafin?

Ƴar Harobanda ta rubuta:

Tana da ita, Baba, sunanta winget, kuma tana zuwa tare da Windows 11. Ku buɗe Terminal ko PowerShell ku rubuta `winget install 7zip.7zip`, a karon farko za ta nemi ku amince da sharuɗɗan rumbunta, sa'an nan Windows ta nemi izinin girkawa. A can za ku sami taga da alama a jerin manhajoji, kuma tana kwance RAR ba tare da an ƙara mata komai ba. Ku duba agogon tasa ma kafin ku fara.